Labarin da Ba Shi da Rana: Masu Karatu da Aikin Sa wa Gajerun Labarai Shekara

A ɗakin gwaggona a nan Kurgu akwai wata adaka ta ƙarfe da aka kai ta gidan miji da ita. Yau babu tufafi a cikinta sai littattafai, irin ƙananan nan na soyayya da ake bugawa a Kano, 'yan kasuwa su biyo da su ta Jega har su iso ƙasar Bagudo. Da yawansu bango ya tafi, wasu gara ta ci gefensu. Da daminar da ta wuce na zauna ina jera su, sai na ci karo da wani da ba shi da bango, ba sunan marubuci, ba shekarar bugu. Na ce, "Gwaggo, wannan na yaushe ne?" Ta karɓa, ta jujjuya shi, ta ce, "Wanga? Ina goyon autana anka kawo mani shi. Ba a daɗe da yi muna jiha ba."

An ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, don haka maganarta ta ba ni lokacin da littafin ya shigo gidan. Da na karanta kuwa, sai na tarar kawun yarinyar labarin yana aiki a Birnin Kebbi, marubucin kuma yana kiran garin da cewa yana cikin Jihar Sakkwato. Ke nan an rubuta shi kafin a yanke jihar, an sayo shi bayan an yanke ta. Saura rana ta uku, wato lokacin da marubucin yake so mu ɗauka abin ya faru, wadda ba lalle ba ne ta zo ɗaya da sauran biyun. Na yi kusan sa'a biyu a kan wannan ɗan littafi mai shafi sittin da 'yan kai, kuma tun daga ranar nake ganin cewa neman ranar labari wani reshe ne na karatun adabi da ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci, musamman ga gajeren labari, wanda ya fi kowane irin rubutu saurin ɓata.

Mutanen da suka fi kowa nisa a wannan aiki su ne ma'abota wani shirin talabijin na Ingila mai suna Doctor Who. BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963. Ƙagaggen labarin kimiyya ne na wani baƙo daga wata duniya, ana kiransa Dakta, wanda yake yawo cikin zamani, ya koma baya ya tsallaka gaba, a cikin wani jirgi mai siffar akwatin wayar 'yan sanda shuɗi. Idan ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa ya gaji ko ya bar aiki, sai labarin ya ce jikin Dakta ya sabunta, wani ya ɗauka. An dakatar da shirin a 1989, ba a dawo da shi sosai ba sai 2005. A cikin waɗannan shekaru goma sha shida, ban da fim guda na 1996, takarda ce ta fi riƙe shi. Kamfanin Virgin ya fitar da tarin gajerun labarai mai suna Decalog a 1994, BBC ta biyo da nata, Short Trips, a 1998, sannan kamfanin Big Finish ya karɓi wannan suna daga 2002 zuwa 2009, ya buga kundi kusan talatin. Ɗaruruwan labarai ke nan, daga hannun marubuta masu yawa, kowane yana ɗauko ɗaya daga cikin Daktocin da suka shuɗe ya saka shi a wata sabuwar tafiya.

A nan matsalar ta taso. Labari mai shafi goma ba ya tsayawa ya faɗi inda yake a cikin tarihin da ya kai shekara talatin ana ginawa. Sai masu karatu suka ɗauki nauyin nemo masa gurbi. Tambayoyinsu iri biyu ne. Ta farko, a wace shekara ta duniya abin ya faru? Ta biyu, wadda ta fi wuya, a wane mataki na rayuwar Dakta? Tun da matafiyin zamani ne, yana iya zuwa shekarar 1930 yana tsoho bayan ya je 2500 yana saurayi. Hujjojinsu ƙanana ne ƙwarai: wa yake tare da shi a jirgi, wace riga ya sa, shin abokiyar tafiyarsa ta riga ta san wani abokin gaba ko yanzu take fara ganinsa, shin akwai tazara tsakanin ƙarshen wannan kashi na talabijin da farkon na gaba da za a iya cusa wata tafiya a ciki. Lance Parkin ya tattara irin wannan bincike a littafinsa A History of the Universe a 1996, aka faɗaɗa shi daga 2006 da sunan AHistory, inda kusan kowace rana da aka bayar tana tafe da dalilinta da kuma ra'ayin waɗanda suka saɓa.

Wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai ji ƙamshin wannan hanya. Ba ina haɗa darajar abubuwan biyu ba ne, Allah ya kiyaye; salon tunanin nake nufi. Malaman rijalu sun riƙa duba shekarar haihuwa da ta rasuwar mai ruwaya don su gane ko zai yiwu ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga bakinsa. Mai karatun da ya ce wannan labari ba zai yiwu ya zo kafin wancan ba, domin a nan yarinyar ta ambaci abin da sai a can ta gan shi, yana aiki da irin wannan ma'auni ne.

Abin da ya sa na ga wannan magana ta shafe mu kai tsaye shi ne abin da ya faru a Jos. Tsakanin ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978, BBC ta riƙa goge tsofaffin faya-fayenta don ta sake amfani da su, ta kuma zubar da kwafe-kwafen fim da take ganin sun gama amfani. Kashi-kashi masu yawa na farkon shirin suka salwanta. Sautinsu ya tsira, saboda wasu yara masu kallo a gida sun riƙa ɗaukarsa a rikoda lokacin da ake nunawa. Amma an sayar wa gidajen talabijin na ƙasashe da dama kwafin fim, har da na Najeriya. A tsakiyar shekarun 1980 an mayar da wasu daga nan ƙasar. Sannan a Oktoba 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai farautar tsofaffin faya-faye, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Tara daga cikin kashin da ke ciki babu su a ko'ina a duniya. Na labarai biyu ne, The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda aka nuna a Ingila tsakanin Disamba 1967 da Maris 1968. Bayan wannan samu, kashi 97 suka rage a ɓace.

Dubi yadda faifan Jos ya raba gardama. Shekara da shekaru masu lissafi suna ja-in-ja a kan shekarar da labarin The Enemy of the World ya faru. Littafin da aka mayar da shi a 1981 ya ce 2030. Masu sauraron sautin kaɗai ba su da abin kamawa. Da hoton ya dawo, sai ga wata takardar izini manne a cikin jirgi mai saukar ungulu, ɗauke da ranar ƙarewar wa'adinta a ƙarshen 2018. Abin da ido ya gani cikin daƙiƙa kaɗan ya rushe lissafin shekaru talatin, kuma duk wani gajeren labari da aka jingina da wancan zamani sai da aka sake masa wuri. Hujjar tana kwance cikin ƙura a ƙasarmu tun shekarun 1970, a hannun mutanen da babu wanda ya taɓa gaya musu abin da suke tsaro.

Ɗayan labarin kuwa, The Web of Fear, shi ne tushen gardamar da har yau ba ta mutu ba. A cikinsa aka ce shekara arba'in da wani abu sun wuce tun wata tafiya da aka yi a 1935, wanda ya sa shi wajen 1975. Wani labarin da ya biyo baya ya ƙara shekara huɗu, aka kai 1979, lokacin da wata rundunar soja mai suna UNIT ta fara bayyana ƙarƙashin Birgediya Lethbridge-Stewart. A wani kashi na 1975 wata abokiyar tafiyar Dakta ta ce ita daga 1980 take. Duk wannan ya tafi daidai, sai ga Mawdryn Undead a 1983 ya nuna Birgediyan ya yi ritaya tun 1976, yana koyar da lissafi a makaranta a 1977. Mutum ya bar aiki kafin ya fara shi. Babu dabarar da ta warware wannan ƙulli gaba ɗaya, kuma abin da ya burge ni ga masu hankalin cikinsu shi ne ba sa ɓoye hakan. Sukan jera hujjar kowane ɓangare, su faɗi wanda suka zaɓa da abin da zaɓin ya tilasta musu yin watsi da shi.

Wani lokaci ma lissafin mai karatu yakan koma ya zama labari. A 1995 Paul Cornell da Martin Day da Keith Topping, a littafinsu The Discontinuity Guide, suka kawo shawarar cewa akwai wani zango da ba a nuna ba tsakanin ƙarshen Dakta na biyu a 1969 da farkon na uku a 1970, domin ta haka ne kawai za a fahimci dalilin da ya sa ya sake fitowa a 1985 da furfura. Terrance Dicks, wanda yana cikin waɗanda suka rubuta wancan kashi na 1969, ya karɓi shawarar ya gina littafi a kanta a 2005.

Za a iya cewa duk wannan aikin marasa abin yi ne, tun da ƙagaggen labari bai faru ba balle a nemi ranarsa. Ina ganin ƙarfin wannan suka, domin mu muna da nau'in labarin da ya ƙi rana da gangan. Tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", kuma wanda ya tsaya tambayar shekarar da Gizo ya auri Ƙoƙi bai san abin da yake saurare ba. Sai dai labarin zamani ba haka yake ba. Da zarar marubuci ya ambaci mota, kuɗi, makaranta ko sunan jiha, ya ɗaure kansa da wani lokaci, ko ya sani ko bai sani ba, kuma hukuncin da za a yi wa labarinsa ya rataya ga sanin lokacin.

Komawa ga littafin gwaggona zai nuna abin da nake nufi. Duk rikicin labarin ya tsaya ne a kan wasiƙar da saurayi ya ba wani yaro ya kai wa budurwa, ta faɗa hannun yayanta. Ɗiyar ƙanena, wadda take aji biyar na sakandare, ta karanta ta ajiye, ta ce, "Baffa, wanga marubuci bai iya ba. Mi ya hana shi kiran ta?" Sharhi ta yi, kuma da labarin na bana ne da ta yi gaskiya. Wayar salula ba ta shigo Najeriya sosai ba sai 2001, ta kuma ɗauki wasu shekaru kafin ta kai ƙauyukanmu na bakin iyaka. Da na gaya mata shekarar da nake zaton an rubuta shi, sai ta sake ɗauka. A karatu na biyu ta lura da abin da ni ban lura da shi ba, cewa yarinyar ce kaɗai mace a gidan da ta iya karatun boko, shi ya sa wasiƙar ta zama abin tsoro ga manya. Labarin bai canza ba ko da harafi guda. Abin da ya canza shi ne ta san inda za ta tsaya ta dube shi. Saboda haka nake ganin sharhi da neman rana aiki ɗaya ne. Wanda ya yi na farko ba tare da na biyu ba yakan zalunci marubuci, ko ya yabe shi a kan abin da wasu suka riga shi yi da shekara goma.

Haka abin yake ga ɗan abin da muke da shi na ƙagaggen labarin kimiyya. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya, ya fito a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, cikin watan Yuli. Wanda ya karanta shi yana sane da wannan zai ga marubucin Hausa yana amsa maganar da duniya duka take yi a lokacin, ana tsakiyar yaƙin basasa a gida. Wanda bai sani ba zai ɗauke shi wata tatsuniyar aljanu da aka yi wa kwaskwarima.

Akwai haɗari a wannan aiki, kuma ƙasarmu ta ɗanɗana shi. Mai neman rana yakan ƙosa ya samu lamba, ko da hujjar ba ta kai ba. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci yana ba da tsawon mulkin kowane sarki ne, ba shekarar hawansa ba. Da H. R. Palmer ya fassara shi a 1908, sai ya yi lissafi da baya-baya har ya sa Bagauda a 999. Lambar ta shiga littattafan makaranta, yara suna haddace ta kamar an ga takardar naɗin, alhali kuskuren shekara biyu-uku a kowane mulki ya isa ya gusar da ita nesa. Mu kuma a nan muna da labarin Kisra, wanda mutanen Borgu suke cewa daga zuriyarsa aka sami sarautun Busa da Nikki da Illo. Wasu Turawan farko sun ji sunan sai suka haɗa shi da Kisra sarkin Farisa na ƙarni na 7, suka ba labarin shekara da hanyar tafiya. Aikin da labarin yake yi wa masu shi daban ne. Yana faɗin cewa garuruwan nan uku 'yan'uwa ne, maganar da ta ƙara nauyi bayan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Nikki a wancan gefe, Illo da Busa a wannan. A nan ne nake ganin ma'abota shirin nan na Ingila suna da abin koya wa masana: sun saba rubuta "tsakanin kaza da kaza", sun saba bambanta abin da aka faɗa a fili da abin da aka hakaito, domin sun san gobe wani gwangwani zai iya fitowa ya ƙaryata su.

Abin takaici shi ne mu ba baƙin wannan ɗabi'a ba ne. Marubutan waƙoƙin ajami na ƙarni na 19, a Sakkwato da Gwandu, sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka tara ƙimar haruffanta sai ta ba da shekarar Hijira da aka gama ta. Sun saka ranar a jikin baitin ne domin sun san bango yana yagewa, mai kwafa kuma yana mantuwa. Talakawan da ba su yi karatu ba su ma suna da nasu kundin. Tsofaffi sun riƙa ƙidaya da shekarar Kakalaba, yunwar 1914, na bayansu da shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, 1972, ko da aka bar fam da sule aka kama naira, 1973. Matasan Lolo da Tsamiya yau suna cewa "kafin a rufe boda" ko "bayan an buɗe", suna nufin rufewar da aka fara a Agusta 2019. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ma'auni ne da za a iya aza labari a kai.

Amma adabin kasuwar Kano, da ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, ya fito da yawansa babu shekara a jiki. Mun san Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu na 1987 ne saboda ita sananniya ce kuma masana sun bi sawunta. Abin da mutane irin su Abdalla Uba Adamu a Kano da Graham Furniss a Landan suka tattara suka jera ya ceci ɗaruruwa. Na cikin adakar gwaggona ba su cikin masu wannan sa'a. Halin da ake ciki yanzu ya fi wancan muni. Gajeren labari yana yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya, a tura na uku an cire sunan marubuciya, a na biyar wani ya sa nasa. A shagon cajin waya, yaro yana tura wa mutane littafin da aka karanta da murya a katin waya kan kuɗi kaɗan, fayil ɗin ba shi da suna sai lamba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, tana cikin 'yan wuraren da gajeren labarin Hausa yake fitowa da sunan mai shi da shekararsa a haɗe. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina suna da masu kallon da suke gardama da zafi a kan wane abu ya riga wane, da ko shekarun yaron nan sun dace da lokacin da aka ce an yi auren iyayensa. Na sha jin irin wannan musu a bakin shago, da hujjoji masu kaifi. Yana ƙarewa ne idan aka kashe janareta, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya.

Ba na jiran jami'a ta yi wannan aiki, domin ba jami'a ce ta yi na Ingila ba. Malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis da yara masu rikoda. Abin da ake bukata bai wuce littafin rubutu da haƙuri ba, da kuma gaskiyar rubuta "ina zato" a inda zato ne. Ilimin yana nan a kan matan da suka sayi littattafan suna amare, waɗanda suke tuna wane goyo suke yi da aka kawo kowane, kuma yawancinsu sun haura hamsin.

Ni da ɗiyar ƙanena mun gama guda goma sha ɗaya daga cikin adakar. A shafin farko na kowane muna rubutawa da fensir: abin da gwaggo ta tuna, abin da labarin ya nuna, da tazarar shekarun da muka amince da ita. Na goma sha biyu ya tsayar da mu. Saurayin yana biyan kuɗin mota da sule, amma a babi na huɗu yana kallon fim ɗin Hausa a bidiyo, abin da bai yaɗu ba kafin Turmin Danya na 1990. Ita ta ce marubucin ya yi kuskure. Ni ina ganin bakin mutane ne, tun da har bayan zuwan naira an daɗe ana kiran kwabo goma sule. Gwaggo ta ce mu bari ƙawarta ta Ka'oje ta zo suna, ita ce ta ara mata shi.